Muryar da Kawu Ya Ɗaure Mini

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, kafin maza su dawo daga maƙabarta tabarmi sun cika ƙofar gida har gindin darbejiya, cikin gida kuwa babu masaka tsinke. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Kowa ya faɗi wannan, ni ma na faɗa da baki mai ɗaci. Mutane sun zo daga ƙauyukan da ke kewaye da mu, wasu a kan babur daga wajen Makoda, wasu da ƙafa ta cikin gonaki, suna ratsa dawar da ta kusa isa yanka. Na lura kusan duk wanda ya durƙusa ya ce mana ya haƙuri, sai ya ɗan yi jim, kamar akwai wata magana a bayan gaisuwar da yake jin nauyin fitarwa.

Wata tsohuwa ce ta fitar da ita. Ta shigo tana dogara sanda, ta zauna kusa da Inna, yayar mahaifiyata, wadda yanzu ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta yi addu'a, ta shafa, sannan ta juyo gare ni.

"'Yar nan, ke ce ta birnin, ko? Wadda ya koya wa injin?"

"Ni ce, Gwaggo."

"To ni yanzu malam ɗina fa? Yana nan, ko shi ma ya tafi da shi?"

Mijinta ya rasu tun ina firamare. Muryarsa take tambaya. Na ce mata yana nan, ta kwantar da hankalinta. Ta ɗaga hannu biyu ta yi hamdala, sai matan da ke kusa suka fara matsowa, wannan ta ce na gidanmu fa, waccan ta ce na yayanmu fa. Wasu na ce musu yana nan. Wasu kuma sai na sunkuyar da kaina, suka gane, suka fashe da kuka sabo, wanda ba na Kawu ba ne.

A waje, an ce Liman ya yi masa shaida cewa bai taɓa ganinsa a sahu na biyu ba. Wani abokin wasansa ya ce an yi rashin mutumin da zai iya matse kasuwar Ɗambatta ranar cinta ya zuba a aljihu, aka yi dariya mai haɗe da hawaye. A tsakiyar mazan, kan darduma, babban ɗansa ne zaune yana karɓar gaisuwa, ido jawur, yana amsa Allah ya ba da lada. Taubashina ne, tare muka tashi a gidan nan. Da na leƙa ta soro na hango shi, sai da Inna ta riƙe mini mayafi don kada in fita in auka masa.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, kuma don kada a manta da abin da aka yi masa yana kwance yana kallo. Mahaifiyata, ƙanwar Kawu, ta rasu ina goye, ban san muryarta ba. Kawu ya samo mini ita a wani tsohon kaset, ya adana, ya ce in zo in ji. Kafin in ji, ɗansa ya goge ta daga duniya. Ikon Allah kuma, muryar tasa mahaifiyar, marigayiya Iya, tana hannuna ni kaɗai, kuma yana so.

Kawu ba malami ba ne, ba kuma mai kuɗi ba ne. A wata ma'aikatar binciken noma ya yi aiki har ya yi ritaya, yana shigar da lissafin ruwan sama da na amfanin gona a kwamfuta, tun zamanin da ba ta da linzami, ba ta da hoto, sai baƙin allo da rubutu. Da ya dawo gida ya kama fartanya kamar kowa, amma ya sayi tsohuwar kwamfuta da ɗan faifan sola, ya sa mata irin tsarin da ya saba da shi. Yaran gari suka raɗa masa Malam Baƙin Allo, ya karɓa da hannu biyu. In ka ce masa yanzu ai dangwalawa ake yi, sai ya ce, "Ni ba na nuna wa bawana abu da yatsa. Magana nake yi masa, ya ji, ya aikata."

Yaran yanzu ba su san saƙon kaset ba. A da, in mutum ya tafi ci-rani Ikko, ko ya tafi Makka ya zauna, ba wasiƙa ake rubuta masa ba, don masu rubutun ba su da yawa. Rakoda ake arowa, a taru a tsakar gida, kowa ya matso ya yi gaisuwa, ya faɗi wanda ya haihu da wanda ya mutu da yadda damina ta yi, a ba matafiyi ya kai. Shi ma ya aiko da nasa. Waɗannan kaset ɗin suna nan a ƙasan adaka da cikin kwalla, sun yi fumfuna, rakodar da za ta juya su ta mutu tuntuni. Su ne Kawu ya bi gida-gida yana roƙa. Da farko an ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Na ga ranar da suka daina ɗauka haka. Wani dattijo ne daga unguwar gabas ya kawo kaset ɗaya tak, na wansa da ya tafi kudu bai dawo ba, ba a kuma san inda aka binne shi ba. Zaren ya tsinke, ya cukurkuɗe. Kawu ya warware shi da bakin biro, ya goge fumfunar da auduga, ya liƙa tsinken da ɗan siririn salatif, yana yi yana mita wai mutane suna ajiye kaset kamar daddawa. Da aka kunna a rakodar Kawu, sai wata murya ta saurayi ta yi sallama, ta ce ina ƙanena, yana nan kuwa? Dattijon nan mai furfura ya zabura ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya ce, "Ina nan, Yaya, lafiya lau." Kawu ya tashi ya fita wai zai duba akuya, alhali akuyar tana ɗaure a gabanmu.

In ya kwashe muryoyin gida ɗaya a kwamfuta, sai ya haɗa su da ɗan rubutu mai faɗin wane ne ke magana da wanda aka aika wa, ya ɗaure su wuri ɗaya su zama fayil guda. Dami yake ce masa. Kowane gida da daminsa. Abin da yake bugawa bai wuce layi ɗaya ba: kalmar tar, ɗan jan layi, haruffa uku, sai sunan damin. In ɗauri zai yi, czf. In kwancewa, xzf. In leƙawa kawai zai yi ya ga abin da ke ciki, tzf. Ya zaunar da ni wani hutun makaranta, ina ta zumɓura baki, ya ce na farkon ne ke faɗin aikin, na tsakiya shi ke matsewa, na ƙarshe kuma yana cewa ga sunan nan tafe. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "rubutu kamar auduga yake, in kin danna sai ya koma ɗan mitsitsi. Murya kuwa tsaba ce, kaɗan take matsuwa. Amma ko ba ta matsu ba, ɗaurin shi ne muhimmi, don kada ɗan gidan wane ya ɓata a cikin gidan wane."

Yana da dokoki, kuma ba a taka su a gabansa a kwana lafiya. Ba ya kwance dami sai ya leƙa shi tukuna. Ba ya kwance shi a inda wasu fayiloli suke, sai ya buɗe sabuwar folda wadda babu komai a ciki, don abin da ya fito yana iya danne wanda ya tarar in sunansu ɗaya. "Wanda ya kwance dami a tsakar gida," in ji shi, "kaji ne za su yi masa rabo." Ranar da na yi gaggawa na kwance a kan wani aikinsa, na danne masa gyaran da ya wuni yana yi, bai yi mini magana ba har bayan la'asar, sannan ya miƙo mini gyaɗa soyayya ya ce in sake daga farko. Ya kuma iya zaro murya ɗaya daga cikin dami ba tare da ya kwance sauran ba. Da wannan yake yi wa mutane hidima, don katunan memorin waya da yake zuba musu ba sa daɗewa: yau waya ta faɗa rijiya, gobe jika ya goge ya zuba waƙa. Su dawo, ya yi musu faɗa son ransa, ya sake zaro musu.

Sau ɗaya Mai unguwa ya zo da kansa, ya ce a kunna masa damin wani gida, wai akwai maganar da yake so ya tabbatar. Kawu ya shimfiɗa masa buzu, ya kawo masa ruwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kaina ma in ka ce in ba ka sai in duba. Amma wannan ba nawa ba ne. Muryar gida ta masu gida ce." Suka yi wata guda ba sa gaisawa sai a masallaci.

Duk babbar Sallah in na zo gida, sai ya karɓi wani faifan ajiya da ya saya mini, ya zuba duk dammunan a ciki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa ya tabbatar lafiya suke, sannan ya naɗe shi a leda ya ce in tafi da shi Kano. Manomin kirki ba ya tara hatsinsa a rumbu ɗaya. Kowa a gidan ya san da wannan, ba ɓoyayyen abu ba ne.

Shi kuwa ɗan nasa, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ba zan ce ba shi da kai ba. Yana da shagon cajin waya da tura finafinai a Ɗambatta, hannunsa da sauri, bakinsa ya fi hannun sauri. Muna yara ni da shi kullum cikin tsiya muke, irin ta taubasai, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Bayan rasuwar Iya, wadda ta shayar da shi ta kuma raine ni, ya ji labarin akwai muryarta, saƙon da ta aika wa Kawu lokacin da aka tura shi kwas nesa da gida. Ina wurin ranar da ya nema.

"Baba, a ɗan tura mini ta Iya a waya mana."

"Ga kujera. Zauna in nuna maka ka buɗe ta da hannunka."

"Haba Baba, ni da nake tura fim ɗari a rana? Wannan baƙin allon ai an wuce wurin. Kawai a tura."

"Uwarka ce. Ba za ka iya buga mata layi ɗaya ba?"

"Sauri nake yi, an bar mini shago ba kowa."

Ya buga babur ya tafi. Kawu ya bi ƙurarsa da kallo ya ce, "Zai dawo." Taurin kai dai gado ne a gidan nan, na yarda, uban bai tura ba, ɗan bai zauna ba, aka yi shekaru ana wannan ja-in-ja. Amma uban yana jira ne, kujerar tana nan kusa da tasa, ba ya bari a ɗora mata kaya.

Bana, bayan na karɓi faifaina na koma Kano, alhazai suka fara dawowa. Wani daga cikinsu ya zo wa Kawu da jaka guda ta kaset. Wata 'yar garinmu ce da ta daɗe zaune a Makka ta rasu, aka tarar ta adana duk saƙon da aka taɓa aika mata daga gida. Ina cikin duba takardun jarrabawar ɗalibaina Kawu ya kira ni.

"Uwata, kina zaune? Na samo miki ita."

"Wa, Kawu?"

"Ƙanwata. Tana gaisuwa, tana dariya, har tana cewa tana da ciki. Ke ce a cikin."

Na ajiye jan biro, na roƙe shi ya kara mini a waya ko da sallamarta ce. Ya ƙi. Ya ce ba zai bari in fara jin uwata ta cikin sabis ɗin ƙauye ba, yana yayyanka ta kamar kabewa. In gama aikina in zo, in zauna a kan tabarma, ya riga ya ɗaure mini daminta daban da sunana a kai. Na ce to yaya muryar take? Ya ce, "Irin taki ce sak, sai dai ita ba ta da faɗa."

Kafin a ba da hutu ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Muka kwana da shi a asibiti a Kano makonni, ni da Inna da ƙanwar taubashin nawa, muna juya shi, muna ba shi kunu da cokali. Babban ɗa kuwa ya ce zai koma ya kula da gona da gida. Muka ce Allah ya yi albarka.

Ranar da muka dawo da Kawu, gero ya fitar da kai yana shirin nuna. Daga cikin mota na ga wani abu yana ƙyalli a saman gonaki, an ɗaura shi daga sanda zuwa sanda, iska na kaɗa shi yana walƙiya. Har na ce wa Inna dubi dabarar yaran nan ta korar tsuntsu. Da bakina na yaba.

Muka tarar an share ɗakin Kawu tas, an shimfiɗa katifa, wai don ya sha iska. Babu kwalayen kaset, babu jakar Makka, babu kwamfuta. Na ce ina take? Aka ce tana shago. Na ce a kawo ta yanzu. Da babban ɗan ya kawo, na buɗe a gaban Kawu, sai ga hoton wani tsauni mai launi ya cika allon, ga foldar finafinai jere. Ya kai ta wurin wani mai gyara an wanke ta, an sa mata irin tsarin da kowa ke amfani da shi.

"Ina dammunan?"

"Wallahi sai da na duba," in ji shi. "Duk abin da ya buɗe na kwashe, ga hotuna nan, ga karatu. Sauran wasu ƙatti ne, ka danna ka danna ba sa buɗewa. Mai gyaran ya ce bairos ne ya cinye su, wuri kawai suke ci."

"Ka tambayi wa?"

"Wa zan tambaya? Baba ba ya magana."

"Ni ma ba na magana? Kaset ɗin fa?"

"Ai Baba da bakinsa ya sha cewa an kwashe abin cikinsu. Yara suka roƙa za su kori tsuntsu, na ce su ɗiba."

Kawu yana jin komai. Ya miƙo hannun hagu, na matso masa da kwamfutar, ya dinga laluben haruffa yana dannawa, babu inda rubutu ya fito. Ya yi wani sauti daga maƙogwaro wanda ba na fatan maƙiyina ya ji daga bakin ubansa. Sannan ya juya fuska bango. Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa, in ɗan nan ya kawo masa cokali, sai ya datse haƙora.

Ni kuwa na tattare zane na faɗa gonaki kamar mahaukaciya, ina tsinko zare daga kan sanduna, ƙaiƙayin gero na cin wuyana. Rana ta gasa shi, ruwa ya dake shi, an yayyanke shi an ƙulla da na wasu gidaje, babu yadda za a yi ka san wanne ne na wa. Na cika roba guda. Na liƙa abin da na iya liƙawa yadda na ga Kawu yana yi, na naɗa a wani kwanson kaset, na kunna. Shuuu kawai yake yi. Kwamfutar ma na kai wa masu gyara a birni har wuri uku, duk suka ce finafinan da aka zuba sun hau kan komai. Uwata ta yi shekara da shekaru a ƙasan akwatin wata baiwar Allah a Makka ba abin da ya same ta, ta iso gida lafiya, aka rataye ta tana korar tsuntsu.

Bayan sadakar bakwai na fara cika wa Kawu aikinsa. Duk ƙarshen mako ina zuwa da tawa kwamfutar da faifan, in zauna a ɗakin Inna, in leƙa, in buɗe sabuwar folda, in kwance, in zuba wa kowane gida nasa. Duk abin da aka ɗaure kafin Sallah yana nan daram. Waɗanda nasu ke cikin jakar Makka kuwa, na ce su je su tambayi mai shago.

Taubashin nawa bai zo da wuri ba, kunya ta hana shi. Sai da arba'in ta matso ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi sallama ƙasa-ƙasa. A da baiwata yake ce mini. Ran nan Malama ya ce.

"Malama, an ce damin gidan nan ma yana ciki."

"Yana ciki."

"Ta Iya nake so. Don girman Allah. In kin ce in zauna in buga da hannuna, zan zauna."

"Mai kujerar ya tafi."

"Kuskure na yi. Wallahi ko barci ba na iyawa."

"To ka je gona ka kwaso mini tawa, sai mu yi musaya."

Ya juya ya tafi. Inna ta bari ya yi nisa sannan ta hau ni. Ta ce jini ɗaya ne, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta ce Iyar nan ita ta goya ni a bayan da ta goya shi. Ta ce shi Kawun da nake wa fushi dominsa, ba shi ya kori Mai unguwa a kan muryar gida ta masu gida ce ba? Duk na ji, kuma duk gaskiya ne. Na san da Kawu zai tashi yau, da shi zai fara zare mini ido. Amma Kawu ya ji muryar ƙanwarsa kafin ya mutu, Inna ma ta tashi da ita tana ji. Ni kaɗai ce aka ce wa zo ki ji, na zo na tarar da roba cike da zare. Masu cewa in yi haƙuri duk sun san yadda uwarsu ke kiran sunansu.

Ranar arba'in aka yi gumba da waina, malamai suka sauke Alƙur'ani a waje. Bayan azahar, mata sun cika tsakar gida, ƙanwar taubashin nawa ta matso ta ce ko zan bar su su ji Iya. Ita ba ta yi mini komai ba, tare muka wanke kashin Kawu a asibiti. Na ce zan kunna, amma ba zan zuba wa kowa a waya ba, mai son ji ya same ni a gidana. Na zaro fayil ɗin shi kaɗai daga cikin damin, na ɗora lasifika a kan turmi.

Iya ta yi sallama. Yarinya ce shakaf, tana magana tana jin kunyar rakoda, tana ce wa Kawu Malam. Ta ce an yi shuka, ta ce tunkiya ta haifi biyu, ta ce rufin ɗaki yana yoyo ta gabas. Tsakar gida ta rikice da kuka. Na ɗaga kai, sai na ga inuwar taubashin nawa a bakin soro. Mata sun cika gidan, ba dama ya shigo, ya rakuɓe a jikin ƙyaure ya kara kunne, ƙafarsa kaɗai nake gani da gefen riga.

Ni na riga na saurari saƙon nan ni kaɗai, na san abin da ke gaba. Bayan maganar yoyo, Iya takan yi 'yar dariya ta ce yaronka ya fara tafiya. Takan ɗauko shi ta kara shi a rakoda ya yi gwaranci. Sannan ta ce ya kama rediyonka ya karya eriya, na san zuciyarka Malam, don Allah in ka dawo kada ka taɓa mini shi, bai san abin da ya yi ba.

Tana gama maganar yoyo, ta ja numfashi za ta yi dariyar, na danna na tsayar.

Daga bayan ƙyaure muryarsa ta fito, ya manta da kunyar matan da ke wurin.

"Shi ke nan? Ba ta ambace ni ba?"

"Iyakarta ke nan," na ce.

Na rufe kwamfutar, na naɗe faifan, na sa a jaka. Ƙafar nan ta daɗe a bakin soro kafin ta janye. Ban yafe ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa zuciyata ta yi sanyi ba. Ba ta yi ba, amma ko yau aka sake, a daidai wurin zan tsayar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da gidan Aljanna a kan kowace tsohuwa da ya mayar wa da sallamar mijinta. Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mini abin da na datse mata a baki. Kawu, in ka riski ƙanwarka a can, ka gaya mata cikin nan da take faɗa ya girma har ya fara furfura, kuma har yau bai san yadda take dariya ba.